Takarduna Sittin da Uku

Ko zan manta da komai na zamana a kwaleji, har da sunayen malamai da lambar ɗakin kwananmu, ba na jin zan taɓa manta ranar da na tsaya gaban malamai huɗu zan kare aikin bincikena. Shekaru sun ja, yanzu ni ma ina da ɗalibai a gabana, amma ranar nan tana nan a raina kamar jiya aka yi ta.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Sule Tankarkar, kuma ni ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare. A Gumel na yi karatun koyarwa. A shekarar ƙarshe dole kowane ɗalibi ya yi aikin bincike, wanda muke kira furojek, ya rubuta shi, sannan ya tsaya gaban malamai ya amsa tambayoyi a kansa. Wanda nasa bai karɓu ba, ba zai fita tare da 'yan ajinsu ba. Abin da aka ba ni in bincika shi ne yadda kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis take shafar zuwan yara makarantun firamare na ƙauyukan da ke kewaye. Aka ce in raba takardun tambayoyi guda ɗari ga iyaye da malamai, in tattara amsoshinsu.

Ina da wata ƙawa 'yar Gagarawa, ɗakinmu ɗaya tun shekarar farko, kwano ɗaya muke ci. Ita ma kusan irin batuna aka ba ta, sai dai nata a ƙauyukan garinsu. Wata rana ta ja ni wani shagon buga takardu a cikin gari. Mai shagon yana da tsofaffin ayyukan ɗalibai jibge a kwamfutarsa, abin da yake yi kawai ya canza sunan gari da na ɗalibi, ya buga, ya ɗinke maka da bango mai kyau. Ƙawata ta ce ai amsar a fili take, yara suna bin iyayensu kasuwa, wasu kuma talla, don me za mu bi rana muna tambayar abin da kowa ya sani? Ta zaɓi nata a ranar. Ni kuwa na ce zan yi tunani.

Ba zan yi muku ƙarya in ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba. Akwai tsoron a kama ni, akwai kuma cewa yayana yana da babur, kuma ya riga ya yi mini alkawarin zai kai ni duk inda nake so. Da wannan na fara.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, hanya duk rairayi. Sau biyu muna faɗuwa da babur ɗin, Yaya yana ta mita wai boko bai ce a karya ƙafa ba. Makarantu shida na zagaya, da gidajen da ke kusa da su. Yawancin iyayen ba su yi karatun boko ba, don haka ni nake zama in karanta musu tambaya, su amsa, in rubuta. Yaya a ƙofar gida yake tsayawa, ni kuwa da yake mace ce, har tsakar gida nake shiga in zauna kan tabarma da matan.

Alhamis ta farko da na isa wata makaranta da hantsi, sai na tarar da abin da ban zata ba. Yara cike, suna ta guje-guje a ƙarƙashin itatuwa, malami ɗaya tak yana kai da kawo tsakanin azuzuwa. Na shiga gidan da ke kallon makarantar, na tarar da wata dattijuwa tana tankaɗe. Na karanta mata tambayar da ke cewa me ya sa yara ba sa zuwa makaranta ranar kasuwa. Ta ajiye rariyar ta dube ni.

"Yaran suna zuwa, 'yar nan," in ji ta. "Wa za su tarar? In suka gaji da wasa su dawo gida. Mako mai zuwa kuma ka ce su tafi, su ce ai yau Alhamis."

Abin da na yi ta ji ke nan daga gida zuwa gida. A makarantu huɗu daga cikin shida, malamai ne suke fara watsewa ranar kasuwa, wani ya tafi kara sayar da awaki, wani ya ɗauki fasinja a babur zuwa bakin iyaka. Akwai yaran da ke bin iyaye kasuwa, ban ce babu ba, amma ba su ne masu yawa ba. Wani malami ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa iyalinsa suna da yawa, kuma da Alhamis yake toshe ɓarakar wata. Ban ga laifinsa ƙwarai ba. Na rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, ban sa sunansa ba.

Da lokacin miƙa aiki ya matso, na ƙirga takardun da ke hannuna, sittin da uku. Wasu na bar wa malamai su cike ba su dawo da su ba, wasu ruwa ya jiƙa su a jakar Yaya har rubutun ya narke, wasu magidanta kuma suka ƙi amsawa sam, wai ba su san inda takardar gwamnati za ta kai su ba. Komawa in sake zagaye kuwa, lokaci ya ƙure.

Na kai wa malamin da ke duba aikina. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Ya daɗe yana juya shafuka, sannan ya ce matsalata biyu ce. Ta farko, adadin bai cika ba, kuma malaman da za su saurare ni suna iya ƙin karɓar aikin a kan haka kawai. Ta biyu, na zo gidan horar da malamai ina cewa malamai ne suke gudu daga aji, ba kowa zai ji daɗin wannan ba. Bai ce in yi ƙarya ba, Allah ya sani. Cewa ya yi in je in yi tunani. Ƙawata kuwa dariya ta yi mini. Ta ce in buga sababbin takardu talatin da bakwai, in sayi biro kala uku, wasu ma in cike da hannun hagu, in sa amsoshin su karkata wajen talla, shi ke nan an kashe tsuntsu biyu.

Na buga takardun. Na sayi birukan. Ranar Juma'a na tafi gida da su a jaka.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, na ɗauki ta farko. Na ƙirƙiro wata mata, na ba ta shekaru, na ba ta 'ya'ya biyar, na sa ta ce duk ranar Alhamis tallan ƙosai suke tafiya. Abin ya zo mini da sauƙi har ya ba ni tsoro. Ina cikin haka Baba ya shigo daga zaure. Mahaifina malamin allo ne, ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa tun yana saurayi, boko kuwa ko baƙi ɗaya bai sani ba. Ya tsaya a kaina ya tambayi me nake yi, na ce ragowar takardun bincike nake cikewa. Da yake ya san yadda na yi na baya, sai ya ce in karanta masa wannan. Na karanta.

"Wannan matar 'yar wane gida ce, Uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na ajiye biron. Ya gane. Bai yi faɗa ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya ce su a wajensu, mai rubutu in ya zo kan kalmar da ta shige masa, gurbi yake bari ya tashi ya je ya tambaya. Gurbi ba abin kunya ba ne, kowa ya gani ya san ba a sani ba. Amma wanda ya cike da ka, ya ɓatar da duk wanda zai karanta bayansa. Yana faɗar haka ya ɗauki butarsa ya wuce.

Na yaga takardar. Sauran na ba wa innarmu ta riƙa naɗe daddawa. Da na koma Gumel, na rubuta a aikina ƙarara cewa takardu ɗari na raba, sittin da uku suka dawo, ga kuma dalilin da ya sa sauran ba su dawo ba. Na rubuta abin da na gani game da malamai, da abin da su ma suka faɗa na uzurinsu. Malamina ya karanta, ya numfasa, ya sa hannu. A raina na riga na sallama cewa wataƙila sai na ƙara shekara, kuma na san yadda za a yi ta maganar a ƙauyenmu, 'yar Malam ta je boko ta kasa.

Ranar kare aiki aka tara mu a wani babban aji, mu ɗalibai a baya, malamai huɗu a gaba. Uku namu ne, na huɗun baƙo ne da aka gayyato daga wata jami'a, dattijo mai farin gemu da tabarau a kan hanci. Ƙawata ta riga ni shiga gaba. Ta yi bayani tiryan-tiryan, don ta haddace. Dattijon ya saurara har ta gama, sannan ya ambaci wata makaranta da ke cikin aikinta, ya ce in mutum ya taso daga Gagarawa ta wace hanya zai bi ya je can, kuma me ke gefen makarantar. Ƙawata ta buɗe baki ta rufe. Ya ce aikinta shi ne na uku tun safe da ya gani da kuskuren bugu iri ɗaya a shafi iri ɗaya. Aka ce ta je ta zauna.

Sai aka kira ni. Ban kai ƙarshen gabatarwa ba ya ɗaga hannu, ya riga ya buɗe shafin nan.

"'Yata, kin ce ɗari kika raba. Ina sauran?"

Na gaya masa, har da ruwan da ya shiga jakar Yaya. Ɗaya daga cikin malamanmu ya ce ƙa'ida ɗari ta ce, ba sittin da uku ba. Wani kuma ya ce, da ɗan zafi, wa ya ba ɗaliba damar zargin malaman da suka girme ta a aiki. Na ce, "Malam, ban zargi kowa ba. Na je ne in ga abin da ke hana yara zuwa, abin da na tarar shi na rubuta. Da na tarar da wani abu daban, shi zan rubuta."

Dattijon ya tambaye ni makarantu biyun da malamai ba sa watsewa, me ya bambanta su. Daga nan tsoro ya sake ni. Na ba shi labarin hedimastan da a cikin ƙauyen yake zaune da iyalinsa, da wancan garin da dattawa suke shimfiɗa tabarma a ƙofar makaranta duk Alhamis, ba sa ce wa kowa komai, zama kawai suke yi, amma kunyarsu ta hana kowa fita. Ya yi ta tambaya ina amsawa, don duk inda ya taɓo ƙafata ta taka wurin. Ya ce ko takardun suna kusa. Na zazzage su daga leda a kan tebur, duk sun yamutse, wata da shatin man gyaɗa, wata da dangwalen yatsar wata tsohuwa da ta dage sai ta sa hannu. Ya ɗauka yana dubawa ɗaya bayan ɗaya.

Can ya cire tabarau ya yi dariya. Ya ce shi ma da ƙuruciyarsa ya koyar a wani ƙauye na bakin iyaka, kuma in za a faɗi gaskiya, ya san hanyar kara ranar Alhamis fiye da hanyar aji. Malamai suka fashe da dariya, har wanda ya yi zafi ɗazu. Sannan ya juya wajensu ya ce tun safe yake karanta takardu ɗari-ɗari masu tsabta, sai yanzu ya ji muryar mutane. Ya ce a ba shi sittin da uku irin waɗannan ya fi masa dubu da aka cike a ɗaki, kuma a ajiye aikin nan a ɗakin karatu don na baya su ga yadda ake faɗar abin da ba a samu ba.

Da sakamako ya fito, ni ce na fi kowa maki a furojek a sashenmu. Malamina ya tare ni a baranda ya ce shi kansa ya ji tsoro a madadina, amma na koya masa wani abu. Na kira wayar Yaya na ce ya kai wa Baba. Ina ta zuba kamar kanya, Baba yana saurare, da na gama ya ce Alhamdu lillahi, Allah ya yi mini albarka. Ni kuwa a bakin titi, a-daidaita-sahu suna wucewa, na tsaya ina kuka ina dariya.

Ƙawata aka ce ta sake aikinta daga farko. Kwana biyar ba ta yi mini magana ba, kamar ni na tona ta. A na shida, muna cin abinci, ta ce ba tare da ta dube ni ba, ko Yaya zai yarda ya zagaya da ita. Ni na raka ta ƙauyukan Gagarawa a motar kasuwa, muka shiga gida-gida tare. Ta fita bayanmu da wasu watanni, kuma har yau muna tare. Ita ce ma take fara ba da labarin in mun haɗu, tana kwaikwayon yadda ta buɗe baki ta rufe.

Abin da na koya a ranar nan, shi nake gaya wa duk ɗalibin da ya zo mini yana kukan aikinsa bai cika ba. Takardar shaida kowa yana iya samunta ta hanyar da ya ga dama, amma akwai ranar da za a ajiye takarda a tambaye ka kai kanka, kuma ranar nan ba ta sallama kafin ta zo. Wanda ya saya, bango kawai ya saya. Ɗan abin da ka samo da guminka, ko bai cika ba, ka faɗi iyakarsa ka shiga da shi ko'ina kanka a ɗage, domin ba a kayar da mutum a kan abin da ya gani da idonsa.