Matan Mai Bishara Luke

Habila Ɗanasabe mutumin Gozaki ne, kuma duk garin an san ba ya son maimaita aiki. Yana yaro aka ba shi korar tsuntsaye a gonar dawa, sai ya jera gwangwanaye a igiya, ya ɗaura bakinta a babban yatsan ƙafarsa, ya kwanta a inuwa yana ja. Ubansa ya zo da bulala, ya tarar ba tsuntsu ko ɗaya, ya rasa dalilin duka.

Da ya gama sakandare ya sami aikin akawu a wani ofishin gona a Funtua. Malaman gona su zaga ƙauyuka a kan babur suna tambayar manoma: mata nawa, 'ya'ya nawa, kaji nawa, dami nawa aka samu bana. Habila ke haɗa amsoshin da fensir, yana yi yana tsaki.

A 1983 aka kawo kwamfuta, aka ajiye ta a ɗaki mai na'urar sanyi. Shugaban sashe, Alhaji Mudi, ya tambayi wanda zai koya. Kowa ya sunkuyar da kai, don an ce tana shanye hasken ido. Habila ya ɗaga hannu. Shi dai sanyin ɗakin ya ji.

Aka tura shi kwas Kaduna. Can abin ya shiga ransa da gaske, don ya gane in ka faɗa wa na'urar aiki sau ɗaya, ita za ta yi ta maimaitawa. Ya dawo ya tsara mata umarni, lissafin da kan ci wata ya koma na yini. Har tafiyarsa ta canza.

Ran nan aka buga sunayen manoman da za a ba sabon irin masara. Alhaji Mudi ya duba, ya cire tabarau, ya sa aka kira shi.

"Malam Habila, ka san Luke, mai bisharar garinku?"

"Ranka ya daɗe, shi ya koya mini karatu."

"Matansa nawa?"

"Ɗaya. Mama Matta."

"To, injinka ya ce ashirin da bakwai. Kaza ɗaya."

Ashe wajen tsara umarnin ya musanya layin mata da na kaji. Duk yankin, daga Bakori har Kafur, kowane manomi ya tashi da gida cike da mata, akurki ba kowa.

Direban ofis ya kai labarin Gozaki kafin Lahadi. Ana tashi daga majami'a Mama Matta ta tare Habila a bakin ƙofa.

"Habila, turo mini sauran matan nan mana, surfe ya yi mini yawa."

Luke kuwa ya ja shi gefe, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗana, batun mata na yafe. Kajina wa ka ba?"

Kunya ta sa Habila ya koyi abin da ba a koya masa a Kaduna ba. Ya ƙara wa na'urar umarni: duk adadin da ya wuce hankali, ta tsaya ta yi ƙara. Ba a jima ba ta yi ƙara a kan wani manomi na wajen Tsiga mai mata shida. Habila ya hau babur da kansa, ya je gyaran kuskure. Ya iske dattijo mai bin addinin gargajiya yana gyaran rumbu. Da ya ji abin da ya kawo shi, sai ya kira matan, suka fito su shida suka gaishe shi.

"Gaya wa injin naka ta bakwai tana kasuwa," in ji dattijon.

Daga nan Habila ya daina gyara adadi sai ya je ya gani da idonsa. Da aka yi Jihar Katsina a 1987, aka ɗauke shi ya koya wa sababbin akawuna sarrafa bayanan gona. Can ya zauna har ya yi ritaya, da ƙwayar idonsa lafiya lau.