Sajen da Ke Ce Mini Janar

A shekarun da gine-gine ke tsirowa a Abuja kamar naman kaza a juji da damina, ina da shagon tayil a Gwarinpa, kuma ni ne masanin yaƙi na teburin mai shayi. Ban taɓa riƙe ko bindigar toka ba, amma kullum da safe sai na gama da 'yan tada ƙayar baya kafin shayina ya huce.

Cikin masu saurarona har da maƙwabcina, wani sajen soja ɗan Filato, Kirista, mai Hausar da ba ta raba mace da namiji. Nakan ajiye burodi in ce ga daji, in jera kofuna in ce ga dakaru, in nuna masa inda manyansa ke kuskure. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Oga, ai ke ce janar. Ke ya kamata su tura."

Na ɗauka yabo ne.

Wata safiya ina tsakiyar kewaye burodin, tayar tifa ta fashe a bakin titi. Ban san yadda aka yi ba, sai ga ni ƙarƙashin tebur, hula a kwata, shayi ya wanke mini gaban riga. Saje ko cokalinsa bai ajiye ba. Ya leƙo ya ce, "Janar, ki fito, mun ci nasara."

Da damina ta faɗi aka tura rundunarsu Arewa maso Gabas. In ya samu sabis yakan kira ni, ba ya zancen yaƙi, sai dai ya tambaya ko mai shayi ya daina ha'incin madara. Daga baya kiran ya ɗauke. Aka zo aka gaya wa matarsa an yi musu kwanton ɓauna a hanya, Saje yana motar gaba, bai tsira ba.

Na sa babbar riga na tafi gaisuwa, na shirya kalaman ban haƙuri tun daga gida. Ina shiga na ga silifas ɗinsa a bakin ƙofa, sai kuka ya ƙwace mini, irin mai majina. Matar ce ta taso ta kawo mini ruwa, tana cewa, "Oga, yi haƙuri, kar yara su gan ka haka."

Da wata ya zagayo suka koma ƙauyensu. Ni na kama musu katifa zuwa mota, har bayana ya riƙe.