Gwangwanin Amm Shaukat

Shekara talatin da ɗaya Amm Shaukat, wato Baffa Shaukat, ya yi yana haska fim a wata silima ta unguwar Shubra, har ranar da aka mayar da ita kantin takalma. Ma'aikata kowa ya tsira da abin da hannunsa ya kai, wani kujera, wani fanka. Shi gwangwani ɗaya ya runguma, naɗi na huɗu na wani tsohon fim ɗin waƙa.

A ciki mahaifiyarsa take. Ba tauraruwa ba ce, 'yar amshi ce, ta uku daga hagu, minti biyu kacal. Ta rasu yana shekara shida, kawunsa ya ƙone hotunanta kaf, wai ta zubar musu da mutunci. Kwafin da ake sawa a talabijin kuwa an yanke waƙar. In ba a gwangwanin nan ba, fuskarta ba ta ko'ina a duniya.

Son da yake yi wa abin ne ya cuce shi. Ya naɗe bakin gwangwanin da salatif, ya ƙulle a leda, ya cusa ƙasan akwati a ɗakinsa na saman bene, inda zafi ke dafa mutum. Shekara ashirin bai buɗe ba, wai kada iska ta shiga. Mutumin da ya tsufa a kan fim, amma ya manta shi ma fim yana son shan iska.

Ustaz Midhat, wani mai tara tsofaffin finafinai, ya daɗe yana masa nacin ya ba shi gwangwanin a shagon shayi, shi kuwa yana korarsa. Sai da yanar ido ta fara rufe masa gani ya sauko. Sharaɗinsa ɗaya, a haska masa sau ɗaya a majigin Midhat, sannan Midhat ya riƙe gwangwanin.

Suna ɓare salatif warin tsami ya buge su. Fim ɗin ya narke ya dunƙule kamar alewa.

"Haba ya Amm, ajiya ka yi ko girki?" in ji Midhat. Da ya dubi fuskar tsohon sai ya rage murya. "Bar mini gwangwanin. Takardar jikinsa ta asali ce, ana nemanta."

Amm Shaukat bai ji shi ba. Ya ɓanɓaro wani guntu, ya ɗaga saitin taga.

"Duba mini, ɗana, idonka ya fi nawa. Akwai mace?"

Midhat ya daɗe yana dubawa.

"Akwai riga," ya ce.