Kyanwar Inna Ba Ta Ƙoshi

Kafinta ake ce masa tun yana saurayi, har mutane suka manta da ainihin sunansa. Shagonsa yana ƙasan benen da suke zaune, kuma rabin ƙofofi da gadajen layin nan daga hannunsa suka fito. Aikin ya ci masa kan yatsa ɗaya, ƙarar injin zarto kuma ta rage masa ji, sai an ɗaga murya yake juyowa. Mutum ne mai magana ɗaya. In ya ce a'a, 'ya'yansa sun san ba sauran zance, ko kuka za a yi har a gaji.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna har da shi kansa, ba haka take ba. A kicin ɗin wata makarantar kwana ta yi aiki har ƙarfinta ya ƙare, ta saba da tukunyar da sai mutum biyu ke sauke ta. Ba ta iya ganin kwano wayam ta yi shiru. Ko mai gyaran famfo ne ya shigo gidan, ba zai fita ba sai ya ci wani abu.

Kyanwar gidan kuwa a shago aka tsince ta, cikin tarin dusar katako, wata rana da aka wuni ana ruwa, ba ta fi tafin hannu ba. Kafinta ya ce a bar ta nan ta yi maganin ɓeraye. Inna ta leƙo, ta naɗe ta a gefen mayafi ta hau da ita sama, shi ke nan maganar ɓera ta mutu. Inna ta sa mata suna 'Yar Lele. Shi kuwa Ci-ma-zaune yake ce mata. Autarsu, wadda ta yi aure a can wani gefen gari, takan ce, "Inna, wato an yi min ƙanwa ba a faɗa min ba."

A lokacin kyanwar ba ta da wata fitina. Ta ci da safe, ta ci da yamma, ta haye taga tana kallon titi.

Mantuwar Inna a hankali ta shigo. Ta sa gishiri sau biyu a miya, aka yi dariya. Aka ga makullin gida a cikin firiji, aka sake yin dariya. Ranar da ta bar tukunya a kan wuta har hayaƙi ya sauko shago, ba wanda ya yi dariya. Auta ta kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Kafinta ya fara rufe shago da rana, daga baya ya bar shi gaba ɗaya a hannun wani abokin sana'arsa, ya koma sama. Mutumin da bai taɓa dafa ruwan shayi ba ya koyi dafa shinkafa da tsufansa.

Kyanwar ta riga kowa gane abin da ya canza. Da zarar Inna ta miƙe, sai ta sha gabanta, ta shiga goga mata jiki a ƙafa, ta saki wani siririn kuka kamar marainiya. Inna sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo, 'Yar Lele ba ta karya ba!"

"Ta karya, Inna. Ke da kanki kika ba ta."

"Yaushe? Kalli kwanonta, ko ƙwaya babu."

Ai kuwa babu, don ta lashe shi tas. Ciki mai manta kyautar jiya ake cewa, to wannan cikin kyautar ɗazu ma ba ya tunawa. Kafin rana ta take, kyanwar ta karya kumallo ya fi a ƙirga. Kifi, madara, ɓargon ƙashi, guntun naman da Kafinta ya ajiye don miyar rana, duk nata ne. Ta zama kamar matashin kai mai ƙafafu. Ta daina hawa taga. In ta taka matakala biyu sai ta zauna tana haki, ƙafar baya ɗaya kuma ta fara ɗingishi.

Auta ce ta matsa aka kai ta wurin likitan dabbobi. Kafinta ya saka ta a kwali ya rungumo, yana tafe yana hutawa. Likitan, wata mace mai fara'a, ta ɗora ta a sikeli, ta dubi allurar sikelin, ta dubi tsohon.

"Baba, wannan ai kyanwa biyu ce a fata ɗaya. In aka ci gaba haka, ciwon sukari zai kama ta, ƙafafun ma ba za su ɗauke ta ba." Ta ba shi wani ƙaramin kofi da buhun busasshen abincin kyanwa. "Wannan kofin shi ne abincinta na wuni. Za ta yi kuka, ku toshe kunne. In ta ga kuka ba ya kawo komai, da kanta za ta bari."

"Likita," in ji Kafinta, "ita kyanwar zan iya da ita. Mai kyanwar fa?"

Likitan ta yi murmushi don ba ta gane ba. Auta ta sunkuyar da kai.

Ya yi abin da ya iya. Ya sauka shago ya zaɓi katako mai kyau, ya ƙera kabad mai kwaɗo, ya kafa a kicin, ya tura buhun da duk wani abin da kyanwa ke ci a ciki, ya rataya makullin a wuya. Rabonsa da aiki mai kyau irin wannan an daɗe. Washegari kyanwar ta zauna a gaban kabad ɗin tana kuka, Inna ta tsaya a bayanta tana jan ƙofar.

"Wa ya kulle wannan?"

"Ni ne. Likita ce ta ce a rage mata."

"Wane likita ne zai ce a bar baki da yunwa? Kai dai faɗi gaskiya, rowa ce ta kama ka da tsufa."

Ya yi mata bayani, ta ji, har ta ce to. Bai gama wanke kofin shayi ba ta dawo tana tambayar wa ya kulle wannan. Da rana ya zuba wa Inna abinci ya fita shanya, ya dawo ya tarar da farantin a ƙasa, kyanwar ta tusa kai, Inna tana kallonta da murna, ita ko loma ba ta kai baki ba. Bayan 'yan kwanaki maƙwabciyarsu ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwano a rufe, tana ta kame-kame. Ashe Inna ce ta leƙa ta taga ta gaya mata mai gida ya kulle abinci, su biyu suna zaune da yunwa. Kafinta ya karɓi kwanon ya yi godiya. Kunya ta hana shi sauka ƙasa ranar.

Ya mai da kyanwar shago. Kukanta ya riƙa ratso siminti yana hawowa, shi da ba ya jin sallama sai an maimaita, wannan kukan tar yake jin sa. Abokin sana'ar kuma ya kasa jurewa, ya shiga gutsura mata burodi. Tsugune ba ta ƙare ba.

Auta ta ce, "Baba, kawo ta gidana. Inna za ta manta da ita, tunda komai ma mantawa take."

Auta ta tafi da kyanwar a kwali. Inna ta manta ranar da ake ciki, ta manta ta sha magani, ta manta ɗanta na fari yana wata ƙasa, amma ba ta manta kyanwa ba. Ta duba ƙarƙashin gado, ta duba bayan firiji, ta buɗe akwatin kaya tana kiran 'Yar Lele. Ta ƙi abinci. Da safe Kafinta ya shiga wanka, ya fito ya ga ƙofa a buɗe. Ya sauka da sabulu a kunne, ya bi layi yana tambaya. Mai kantin bakin titi ne ya riƙe ta, ya ba ta kujera. Tana zaune ba takalmi, da kwanon kyanwa a cinya. Kafin la'asar Auta ta dawo da kwalin, idonta jawur.

Daga nan ya sake dabara. Ya riƙa auna kofin da safe ya juye a gwangwani, duk lokacin da Inna ta ce ba a ba 'Yar Lele ba, sai ya zuba mata 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ta kai mata. Inna ta samu abin bayarwa, kyanwa ta samu abin taunawa. Dabarar tana kai su har bayan azahar. Daga nan gwangwani ya ƙare, rana kuwa da saura. Wani lokaci ya ja Inna zuwa taga ya nuna mata motoci. Wani lokaci ya ɗaura tsumma a zare yana ja a ƙasa ko kyanwar za ta bi, ita kuwa ta dube shi kamar ya zare. Sau da yawa dai hannunsa yakan kai wuya ya ciro makullin, yana faɗa wa kansa yau kaɗai.

Wata yamma yana zaune a kicin yana yanka albasa, Inna ta shigo a hankali, kyanwar na biye da ita. Ta tsaya daga nesa, ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna.

"Sannu da aiki, bawan Allah."

Ya ɗago. Ba wasa a fuskarta.

"Don Allah taimako za ka yi min. Mai gidan nan ya kulle abinci ya fita, kyanwata tun jiya ba ta ci komai ba. Ko kana da abin buɗewa?"

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Ya so ya ce ni ne, Inna, sai ya ajiye wuƙar. Gwangwanin ranar ya daɗe da ƙarewa. Ya tashi ya buɗe kabad, ya cika mata hannu biyu.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. Ta rage murya. "Kar ka faɗa masa. Ba mugu ba ne, taurin kai ne da shi."

"Ba zan faɗa ba."

Ya koma kan albasarsa, ya daɗe bai yanka ko ɗaya ba. Bai gaya wa Auta ba sai da abin ya maimaitu a gabanta.

Ciwon ya ci gaba da tafiyarsa. Inna ta rage yawo a cikin gida, ta rage magana, daga baya sai an tashe ta an zaunar. Kyanwar takan je bakin gado ta yi kukanta, Inna ta bi ta da ido, hannun ya ɗan motsa a kan bargo, shi ke nan. Da kyanwar ta ga babu, sai ta koma wa Kafinta. Shi kuma kofi ɗaya ne, rabi da safe, rabi da yamma, ba mai roƙar mata ƙari.

Da suka koma wurin likitan dabbobi, ta ɗora ta a sikeli ta tafa hannu.

"Kai, Baba, sannu da ƙoƙari! Ta sauka sosai. Ka ga abin da na faɗa maka, haƙuri kawai ake so."

Kafinta ya ce, "Haka ne." Ya mai da kyanwar kwali. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, ya girgiza mata kai.

Har yanzu suna nan a saman shagon. Kyanwar ba ta bar roƙo ba, likita dai ba ta canka wannan ba. Da hantsi za ka same shi a bakin gado da kofin madara da cokali, yana lallashin Inna ta buɗe baki, kyanwar kuma ta dafa masa gwiwa da ƙafafun gaba tana kuka. Yakan ce wa kyanwar, "Ke dakata, hannu biyu gare ni." Ba ta dakatawa. In Inna ta kau da kai ta ƙi karɓa, sai ya riƙe cokalin a sama ya jira, madarar tana hucewa.