Gidan da Baffa Ya Yi wa Fenti

Baffa, yayan mahaifina, ya shekara talatin da ɗaya yana yi wa gidajen mutane fenti, shi kuwa yana zaune a gidan haya mai koɗaɗɗen bango. In ka tsokane shi sai ya ce mai gidan bai ba shi kwangila ba. Dogo ne, ba ya son yawan magana, kuma ko ranar da ya ci ado ba ka rasa ɗigon farin fenti a bayan kunnensa.

Da kafaɗarsa ta dama ta fara ƙin ɗaguwa, likita bai ɓoye masa ba: shekara ɗaya ko biyu, dole ya haƙura da hawa tsani. Baffa ba shi da fansho. Ɗan abin da ya tara ne kawai, da buri guda: ya sayi ƙaramin gida ya zuba 'yan haya, ya samu abin da zai riƙe shi da matarsa, wadda muke kira Inna, ranar da ya ajiye burushi.

To amma gida a unguwarmu ya yi wuyar kamu. Kafin a kafa allon sayarwa an riga an sayar. Dillalai su yi ta yawo da shi cikin rana, in an isa a tarar wani mai mota ya riga shi. Sau huɗu ana yi masa haka. Ni dai har yau ban yafe wa dillalan nan ba, ko da yake shi ya ce ya yafe.

Sai ya daina bin su, ya koma ga mutanensa. Kullum da safe sukan haɗu a shagon kayan gini, shi da mai gyaran famfo da kafinta da mai haɗa wuta. Su ne suke shiga har tsakar gidajen mutane, su suke jin wanda aka yi wa canjin wurin aiki da wanda 'ya'yansa suka matsa ya koma wurinsu. Baffa ma da nasa sanin. Yakan ce wanda zai zauna a gida daga ɗakin kwana yake cewa a fara, wanda zai sayar kuwa gaban gida da ƙofa kawai yake so a shafa.

Mai famfo ne ya kawo labarin Malama, wata tsohuwar malamar makaranta da mijinta ya rasu, mai gida ɗaki huɗu a ƙarshen layi. Ta ce masa kada ya canza bututu, ya dai toshe shi ya daina ɗiga, sannan ya nemo mata mai fenti.

Baffa ya je. Ta ce, "Gaba da ƙofa kawai za ka yi mini."

Ya ce, "Malama, sayarwa za ki yi ke nan?"

"Wa ya faɗa maka?"

"Ke kika faɗa yanzu."

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ta ce 'yarta ce ta dame ta sai ta koma wurinta. Nan take Baffa ya faɗa mata yana son gidan, ya kuma faɗi iya inda ƙarfinsa ya tsaya. Ta ce za ta yi shawara.

A nan ne fa ya yi abin da ya kusa kashe Inna da takaici. Da wani ne, da ya shafa sama-sama don kada gidan ya ja ido. Baffa ya kankare bango, ya cike kowace tsaga, ya shafa sau uku, sannan ya shiga ɗakuna ba wanda ya sa shi. Gida ya fito fes, motoci suka fara rage gudu a ƙofarsa.

Inna ta ce, "Baban yara, kai wane irin mutum ne? Gidan da kake so ka saya, shi kake yi wa kwalliya don wasu su gani?"

Ya ce, "To ya zan yi? In ga tsaga in wuce?"

Ni ma bayan Inna na bi, ban ɓoye ba. Na ce masa wannan ba gaskiya ba ce, wauta ce. Ya dube ni kawai ya ci gaba da wanke burushinsa.

A ɗakin marigayi, kusa da taga inda wayar tarho take a da, bangon cike yake da lambobin waya da mijin nata ya rubuta da biro: na likita, na makarantar yara, na wani aboki, sai ɗaya da ya ja wa layi biyu, "Malama, ofis". Baffa ya tsaya. Ya ɗauko ma'auni ya zagaye wurin, ya shafe ko'ina ya bar shi yadda yake. Da Malama ta shigo ta daɗe a tsaye tana kallo.

Ya ce, "In kin ce a shafe, aikin minti biyar ne."

Ta juya ta fita.

Masu saye suka yi ta zuwa, duk sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani ma ya ce rushewa zai yi ya gina shaguna. Kwana takwas Baffa bai ji komai ba, har ya fara tambayar kafinta ko akwai wani labarin. Rana ta tara Malama ta aiko aka kira shi.

Ta ce, "Na faɗa wa 'yata gidana ne, ba nata ba. Je ka kawo shaidunka."

Cikin mako guda mutanensa na shagon kayan gini suka samo masa 'yan haya uku. Ɗaki na huɗu, wato na marigayi, ya kulle shi, ya ce tukuna. Inna ta yi mita har ta gaji, ta ce ba ta taɓa ganin mai gidan haya da yake korar masu nema ba.

Bayan wata biyar, wata ranar Asabar da hantsi, ina gidansu muka ji sallama. Malama ce da jaka guda, ta rame. Ta ce 'yarta ba ta rage ta da komai ba, amma a hawa na shida na bene suke, daga safe har yamma ba wanda zai ce mata sannu.

Ta ce, "Mai fenti, an ce kana da ɗakin haya."

Baffa ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli. Ya ce, "Akwai ɗaya. Sai dai an ce mai gidan bai gama fentinsa ba."

Ni na ji kunyar abin da na faɗa masa, har na kasa ɗaga kai. Inna kuwa, wadda ta fi kowa mita, ita ta fara tashi. Ta goge ido da bakin mayafi, ta karɓi jakar daga hannun Malama, ta ɗauki tsintsiya ta yi gaba.