Ranar da Sada Ya Je Gonar Mahar

Duk ɗalibin Najeriya da ya zauna a Abbasiya ya san Sada. Shekararsa tara a Alƙahira. Ya zo da tallafin karatu, ya gama digiri a fiƙihu, ya shiga na biyu, ya koma gida ya auro Humaira, suka kama ɗaki biyu a hawa na biyar. Da rana karatu, da yamma ya koyar da wasu 'yan kasuwar Sakkwato Larabci ta waya. Mutum ne mai son a zo gidansa a ci tuwo. Aibinsa ɗaya, kuma yanzu shi da kansa yake faɗa yana dariya: cika baki.

Sada ɗan Yawuri ne. Da yake garin a bakin Kogin Kwara yake, da an ambaci ruwa sai ya gyara zama ya ce, "Mu 'yan bakin ruwa..." Ya taɓa tsayawa a kan gadar Nilu ya gaya wa sababbin ɗalibai cewa wannan a wajensu rafi ne. Alhali babansa tela ne a tsakiyar kasuwa, kuma mahaifiyarsa ta hana shi zuwa kogi tun yana yaro. Sau ɗaya ya taɓa shiga kwalekwale, shi ma a ɗaure yake a gaɓa, hoto aka ɗauke shi ya fito. Humaira 'yar unguwarsu ce, ta san komai, amma ba ta taɓa tona masa asiri ba.

Bara da aka gama jarrabawa, abokinsa Hamad ya kawo shawarar su je Ras el-Bar, wani gari a bakin teku, su huta kwana uku. Hamad ɗan Sudan ne, kakanninsa Hausawa, a Bur Sudan ya tashi, yanzu yana gyaran waya a unguwar Faisal. Ya ce ya san wani mutum a can mai kiwon mahar a cikin teku, zai kai su gonar a jirginsa.

"Mene ne kuma mahar?" in ji Humaira.

"Kin san makankarin da ake kankare tukunya da shi? To, ɗan'uwansa ne, amma da ransa a ciki. Ci ake yi."

Nan Sada ya samu abin yi. Tun daga tasha har suka wuce Dumyat yana kawo musu hujja cewa duk abin da ke cikin teku halal ne a mazhabarsu, har da sunan littafi da babi.

Washegari da hantsi suka sami mai gonar, Husam, wani dattijo da rana ta gasa. Hamad ya nuna Sada ya ce, "Wannan ɗan kogi ne, a ruwa aka haife shi."

"Ahlan ya rayyis!" in ji Husam. Haka Misirawa ke kiran shugaban jirgi. Sunan ya yi wa Sada daɗi har cikin ransa. Da aka miƙo masa rigar ruwa mai hana nutsewa sai ya ɗaga hannu, ya ce a ba mata.

Minti goma na farko lafiya lau. Yana tsaye a goshin jirgi, iska na kaɗa jallabiyarsa, yana nuna wa Humaira abubuwan da shi ma bai san sunansu ba. Da suka fita teku sosai sai jirgin ya fara hawa da sauka. Sada ya zauna. Can ya riƙe katako. Can kuma ya soma istigfari a hankali, yana yi kamar lazimin safe ne bai ƙarasa ba.

Shi da aka ce gona, ya zaci zai ga shinge ko wata alama. Ba komai sai shuɗɗan jarkoki jere a kan ruwa, igiya ta haɗa su. Husam ya kashe inji ya ce, "Ya rayyis, riƙe mini igiyar nan." Sada ya cafke ta da hannu biyu. Igiya ta tsaya, jirgi ya ci gaba da tafiya, shi kuma ya miƙe tsakaninsu kamar an shanya zane. Takalminsa ɗaya ya faɗa ruwa. Hamad ne ya damƙo shi ta ƙugu ya dawo da shi ciki.

"Ma'alish, ba komai," in ji Husam, ya karɓi igiyar da hannu ɗaya, ya jawo wani kwando daga ƙarƙashin ruwa. Cike yake da abubuwa kamar duwatsu masu gansakuka, mahar ɗin ke nan. Ya ce ba ya ba su abinci, ruwa suke tacewa su ci abin da ke ciki. Aikinsa shi ne ya riƙa ɗago su yana wankewa yana juyawa har su girma. Ya sa gajeriyar wuƙa ya ɓare guda, ya matsa lemon tsami, ya miƙa wa rayyis don girmamawa.

Sada ya leƙa ciki. Abin da ya gani bai fi kama da majina ba, kuma ya rantse ya ga ya motsa.

"To," ya ce, "ai mas'alar akwai saɓani. Hanafawa suna ganin..."

"Malam," in ji Humaira, "jiya a mota ba haka ka ce ba."

Ta karɓi nata, ta yi bisimilla, ta zuƙe. Ta ce gishiri ya ji, a ƙara mata. Sai da ta ci uku. Ganin haka Sada ya rufe ido ya haɗiye nasa. Abin ya sauka, ya duba wurin, bai yi masa ba, ya dawo, ya kuma taho da dafaffen wake da ƙosan Misirawan da aka karya da su.

A ƙasan jirgi ya kwanta, kansa a kan tulin igiya. Da murya ta dawo masa sai ya ce a ba shi rigar ruwan nan. Bayan an ɗaura masa ya dubi Hamad ya ce, "Babana tela ne."

"Me ka ce, ya ustaz?"

"Tela. Ko iyo ban iya ba."

Hamad ya yi dariya har da hawaye, sannan ya fassara wa Husam. Dattijon bai yi mamaki ba. Ya ce tun a gaɓa ya gane, don wanda ya san ruwa ba ya ƙin riga. Ya ƙara da cewa shi ma malamin makaranta ne a Mansura kafin ya fara wannan sana'a, kuma wata shida ya yi yana amai kullum. Ya ba Sada ɓawon lemo ya ce ya riƙa shinshinawa, ya kafa ido a kan gaɓa.

Da suka sauka Husam ya gasa sauran a kan gawayi da tafarnuwa. Sada ya zauna a yashi, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ci burodi zalla.

Sati biyu da komawarsu ya yi rajistar koyon iyo a wani kulob kusa da gida. Lokacin da ya dace da karatunsa ɗaya ne kawai, na tsofaffin da likita ya tura su shiga ruwa saboda ciwon gwiwa. Da su yake shiga duk Talata da Alhamis, a gefen da ruwa ke tsayawa a ƙirji. Yanzu yana iya kaiwa tsakiya in ba a yi masa magana ba. Wani tsoho mai shekara saba'in da huɗu yana wuce shi kullum, in ya kai ƙarshe ya juyo ya tafa masa.