Katin Hoto Na Biyu

Maigidana bai yarda da abu guda ba. Ba da wannan hali aka haife shi ba, ramin Akokan ne ya koya masa. Shekarun da ya yi yana aikin tura iska ƙarƙashin ƙasa, inda ake haƙo uraniyom, komai bibbiyu ya gani: fanka biyu, famfon ruwa biyu, in ɗaya ya tsaya ɗayan ya karɓa kafin mutane su shaƙe. Direbobin garin nan ma haka suke, ba mai shiga sahara da mota ɗaya. Har gida ya kawo mana wannan aƙida. Tocila biyu, kwaɗo biyu a ƙofa. Na biyun shi ne "na sekur", kamar tayar da ake ɗaurawa bayan mota. Na sha ce masa saura ya riƙa sa hula biyu.

Da aka rufe ramin, muka bar gidan kamfani muka koma cikin Arlit, gidan ƙasa mai ɗaki guda a bakin ƙofa. Shi ya shiga kabu-kabu da babur ɗinsa, ni na kama sayar da ƙanƙara da zoɓo daga firigona. Ɗakin bakin ƙofar kuwa ɗanmu ya karɓe shi. Ɗan fari ne, shi ya sa ba na kiran sunansa, ba na zama doguwar hira da shi; haka aka raine mu a Damagaram. Ya yi karatun lantarki yana jiran kamfani ya ɗauke shi kamar yadda ya ɗauki ubansa, sai kamfanin ya naɗe tabarmarsa. Da ya gaji da zama, ya tattara tarkacen kwamfuta nan da can ya haɗa guda, ya sa benci. Samari suka riƙa zuwa suna buga ƙwallo da tseren mota da yaƙi a kan allo, suna ba shi abin da ya samu. Ihunsu ya hana ni barcin rana, amma wallahi daɗinsa nake ji, don muddin suna ihu na san inda ɗana yake.

Tsorona Cibarakatan ne, wurin haƙar zinariya can cikin sahara wajen iyakar Aljeriya. Samarin unguwarmu sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Ɗan maƙwabciyata ya tafi da ƙafarsa, bargonsa da wayarsa kawai aka maido mata, aka ce rami ya rufta. Ni na riƙe ta ranar. Tun daga nan ko sunan wurin ba na son ji.

Sai wasanni suka canza. Sababbin da samari ke so suka fi ƙarfin kwamfutarsa. Hoto ya riƙa tsayawa yana fizga kamar mai shaƙuwa, mutum ya ɗaga bindiga kafin ta tashi an kashe shi. Wani ya buɗe ɗakin wasa kusa da kasuwa da sababbin na'urori, bencinmu ya soma zama wayam. Laifin, in ji ɗana, na katin hoto ne. Wani falle ne mai fanka a jikinsa da ake sokawa cikin kwamfuta, shi ke zana duk abin da ake gani a allo. Nasa ya tsufa.

A lokacin ne ya tsinto labari a wayarsa, wai za a fito da wani kati mai ƙwaƙwalwa biyu a jiki ɗaya. Ba shi yake fatan saya ba, ya san wuyansa bai kai nan ba. Lissafinsa shi ne in sabon ya fito, masu hali a Yamai da Aljeriya za su zubar da nasu masu ƙarfi a araha, shi kuma ya tsinci guda. Kullum da safe ya duba waya. Yau a ce an ga hotonsa, gobe a ce ƙarya ne, jibi a ce sai baɗi. Ni da ban san ko wace dabba ce ba, har cikin addu'ata na sa katin nan.

Wata rana da azahar ina zuba zoɓo a leda na ji shi yana gaya wa ubansa a tsakar gida, da murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, in sanyi ya shigo abin nan bai gyaru ba, zan bi motocin Cibarakatan."

Ledar ta suɓuce mini. Na duƙa na ɗauke ta, ba a saba in tsoma baki tsakaninsu ba.

Uban ya ce, "Shi katin da kake jira, ƙwaƙwalwa biyu ka ce ko? To in aka samo irin naka aka haɗa su biyu, ba shi ke nan ba?"

"Ana yi da. Akwai wata ƴar gada da ake haɗa su da ita. Amma Baba, wasannin yanzu ba su cika sanin da na biyun ba."

"Kai dai ana haɗawa ko ba a haɗawa?"

"Ana haɗawa."

Iyakar abin da ya ji ke nan. Sauran maganar ta bi iska. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana numfashi saboda fanka ta biyu, wa zai gaya masa biyu ba ta fi ɗaya ba? Ni ma ban hana ba. Na ma zuga shi, don a lokacin ko cewa aka yi a haɗa katin da turmina zan miƙa.

Dole sai irin nasa sak, kamar tagwaye. Maigida ya bi ƴan kasuwa masu zuwa Tamanrasat, ya bi masu gyaran waya, har aka samo a hannun wani ɗan Maraɗi mai shagon kayan lantarki. Ranar da ya kawo shi a ƙafa ya dawo gida. Na leƙa bayansa ban ga babur ba, na dube shi, ya kau da kai. Ɗana ya karɓi katin da hannu biyu ya durƙusa ya yi godiya, amma na ga fuskarsa, irin ta wanda aka ba takalmin da bai dace da ƙafarsa ba ce.

Da aka soka su biyun aka kunna, sai ɗakin ya zama gidan burodi. Na sama yana shaƙar zafin na ƙasa, fankokinsu suna kuka, can kwamfutar ta ɗauke ɗif. Nan fa maigida ya ga aikinsa ya zo. Wannan ai matsalar iska ce, in ji shi, kuma in dai iska ce an zo gidanta. Ya ɗauko diga ya huda bangon ɗakin a ƙasa ta gabas, ya huda wani a sama ta yamma, ya ɗaure fankar ɗakina a ramin sama, ya rataya jiƙaƙƙen buhu a na ƙasa. Ya tsaya tsakiya ya saki zare yana kallon inda yake kaɗawa. Rabon da in ga idonsa da haske haka tun yana sa hular kwano. Zafi kuwa ya ragu, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Sai wutar lantarki, kuran. Kuran ɗin gidanmu ba ya ɗaukar katuna biyu da firigo a tare, da an kunna sai komai ya faɗi. Na je da kaina na zare firigon.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maigida ya gayyato samarin unguwa su zo su ga abin mamaki. Suka cika benci. Ni ina tsaye bayan labule, ƙanƙarata tana narkewa tana bin ƙasa har ƙarƙashin ƙafata. Aka sa wasan yaƙin nan da suke so. Sojan ya yi taku, ya tsaya, ya fizga. Kamar da. In ma da bambanci, to sabuwar walƙiya ce da ta riƙa gilmawa a allon. Aka sa na ƙwallo, haka. Ɗana ya buɗe wani gefe ya nuna wa ubansa layi biyu, ɗaya ya cika har baki, ɗaya kwance.

"Ka gani, Baba. Wannan shi kaɗai ke ɗauke da kayan. Wancan zaune yake yana shan kuran."

"To ai shi ne na sekur."

"Ba sekur nake nema ba, Baba. Ƙarfi nake nema."

Wani cikin samarin ya ƙunshe dariya. Sauran suka yi ta maza, suka ce ai an yi ƙoƙari, sannu Baba. Ɗaya ya tuna an aike shi, wani ya ce zai dawo. Kafin la'asar bencin ya koma yadda yake.

Ba mu haƙura ba. Kwana da kwanaki suna ciki su biyu, a sauke wannan a ɗora wancan. Akwai wani tsohon wasan tseren mota da ya san da katin na biyu, shi kam ya riƙa gudu sumul kamar an zuba masa mai. Maigida ya fito da gudu ya kira ni in zo in gani, yana ta "ga shi, ga shi, ban faɗa ba?" Na gani, ya yi kyau. Sai dai wasan tun ɗana yana makaranta aka daina yayinsa, ko kyauta ba mai zama ya buga. Uban shi kaɗai ya koyi tuƙa motar, yana ta karo da bango.

Ni na rasa inda zan sa kaina. Na ɗauki mayafi na tafi shagon ɗan Maraɗin, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa don girman Allah ya gaya mini gaskiya, yaushe katin nan mai ƙwaƙwalwa biyu zai fito.

Ya dube ni da tausayi, abin da ya fi dariya ciwo. "Hajiya, zancen waya ne. Tun yaushe ake faɗi. Su masu ƙerawa ma sun bar yayin haɗa biyu, guda mai ƙarfi suke yi yanzu."

"Ka san haka ka karɓi babur ɗinsa?"

"Na hwaɗa mishi, wallahi. Ya ce ni ban san aikin biyu ba."

Na so in zage shi, na rasa ta inda zan fara. Na dawo ina tafe ina hawaye a tsakiyar kasuwa, babbar mace da ni, ban ma damu da wa ya gani ba.

Sanyi ya shigo. Ɗana ya sayo jarka ya ɗinke ta da buhu, ya sayo rawani da bargo. Komai a gabana, ba ɓoyo. Na tare ubansa na ce ya hana shi, shi ne uba, in ya ce kada ya tafi ba zai tafi ba.

"In hana shi da me?" ya ce. "In ce ya zauna ya ci me? Ya kalle ni?"

Ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa a gaban ɗan nawa. Sau nawa na je ƙofar ɗakin nan da maganar a harshena, sai in ji kaina ina tambayarsa ko ya ci abinci. Na tsani kunyar nan a kwanakin, na tsani wanda ya koya mini ita. Abin da na iya kawai na daka masa gero da dabino da cuku, na cika leda, na yi ta ƙarawa har ya ce ya isa.

Da hantsi motocin suka tashi. Na bi su tasha, na tsaya nesa kaɗan. Samari sun hau bayan mota sun zauna bisa kaya, ƙafafu a waje, kowa riƙe da sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo a hanya. Na bi fuskokinsu ɗaya-ɗaya ban ga nawa ba. Har zuciyata ta fara yi mini wani zance, wai ko ya fasa. Sai direban ya nufo ni, wani dogo mutumin Gugaram da Hausarsa ba ta nuna ba, rawani ya rufe masa baki.

"Hajiya, kada ka damu. Yaronka yana gaba, kusa da ni. Ruwana ruwansa."

Can na hango shi ta gilashi, a kujerar da manyan ƴan kasuwa ke zama. Ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa. Motar ta ja, ta biyu ta bi ta, na tsaya har na daina jin ƙararsu.

Da na koma gida na shiga ɗakin bakin ƙofa, ban san me na je nema ba. Kwamfutar a buɗe take ta gefe, kati ɗaya a ciki, gurbin ɗayan fayau. Maigida yana zaune a benci, hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

"Ina ɗayan?"

"Na kai wa direba. Ƙanensa yana da shago a Agadas."

"Yaushe?"

"Tun wancan mako."

Tun wancan mako. Lokacin da nake bin sa ina roƙo ya hana yaron, ashe ya riga ya zare katin da hannunsa ya saya masa kujera. Na ce masa abubuwa da yawa ranar, wasu ba su faɗuwa. Na ce shi ya kai shi, da babur ɗinsa ya kai shi. Sai da na gaji sannan ya ɗago kai.

"Tunda tafiyar ta zama dole," ya ce, "na ce ya zauna ciki. Na bayan nan, in mutum ya faɗo ba kullum ake ji ba."

Na fita na bar shi. Na kai wata ban yi masa magana ba, tuwonsa kawai nake ajiye masa a bakin ƙofa in juya. Yanzu muna magana, amma ba a kan wannan ba. In waya ta yi ƙara mu biyun muke zabura, shi ya fi ni kusa amma ba ya ɗauka, sai ya miƙo mini ya tsaya yana kallon fuskata.